Sunan Baffa a Cikin Kwalba

Waɗanda suka yi makaranta a Bauchi gab da samun mulkin kai da kuma bayansa sun san Malam Ya'u, malamin ilimin halittu. Mutum ne mai tsabta da ƙa'ida, wanda ba ya amsa tambaya da "wataƙila". Ya san sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu daga ganuwar gari har bakin kogin Gubi, amma har ya yi ritaya, in aka zo darasin gizo-gizo sai ya ce kowa ya karanta a gida. Ɗalibai sun ɗauka ƙyama ce. Ga yadda abin yake.

Malam Ya'u bai san mahaifinsa ba. Ba a daɗe da yaye shi ba annobar sanƙarau ta ɗauke uban, uwar ta koma wurin danginta a ƙasar Ningi ta yi wani aure, aka bar yaron a Ƙofar Ran a hannun yayan mahaifinsa, Malam Abdulsalam, wanda duk gidan ke kira Baffa. Baffa dogo ne siriri, mai tsadar magana. Ya karantar da fiƙihu da nahawu a zaurensa har gemunsa ya yi fari fat, amma ba a taɓa jin ya yabi ɗalibi a gaban idonsa ba. Idan mutum ya biya karatu daidai, sai ya ce masa, "Wuce gaba." Iyakar ladan ke nan.

Shekarar da hukuma ta ce kowane babban gida ya ba da yaro guda a kai makarantar boko, Baffa ya dubi ɗan cikinsa Bakari, ya dubi maraya, ya miƙa maraya. Haka ake yi a wancan zamani, wanda ba a tsoron asararsa shi ake bayarwa. Unguwa duka ta gane abin da aka yi, ban da Ya'u, wanda ya tashi yana ganin zaɓensa aka yi. Ya gama elementare, ya gama midil, ya yi kwas ɗin malanta, ya dawo gida malamin makaranta mai keke da agogo. Ya auri Hamsatu, 'yar wani maɗinki, suka kama gida a Ɗan Iya. Bakari kuwa yana nan a zaure, karatu bai zauna masa ba, ga keken ƙaninsa kullum a jingine a ƙofar gida yana ƙyalli.

Abu ɗaya Malam Ya'u ya nema a duniya, shi ne ya ji Baffa ya sa masa albarka da bakinsa, yana kallonsa. Ya kai riga mai aiki, ba a jima ba ya gan ta a jikin ladan. Ya kai fitilar ƙwai, Baffa ya ce idonsa ya saba da aci-balbal. Ya kai rago da babbar salla, aka ce an gode ta bakin Bakari. Sai ya yanke a ransa cewa kayan kasuwa ba su isa mutum irin Baffa ba. Sai dai abin da ba ya tsufa, ba ya karyewa, ba a kuma iya miƙa shi ga wani.

A daminar 1953 ya kai 'yan ajinsa gonar gwaji ta gyaɗa da ke bayan Gwallameji, wadda a lokacin gonaki ce da 'yan bukkoki. Nan suka tarar da Baturen Gona durƙushe tsakanin shuka, yana rarrafe kamar mai neman allura. Mutanen gari Mai-Kwalabe suke ce masa, don aljifansa kullum cike suke da ƙananan kwalabe masu ƙara in yana tafiya, kuma leburorinsa sun daɗe da yanke masa hukuncin taɓin hankali. Malam Ya'u ya gaishe shi da Turanci mai tsabta, ya tambayi abin da ya ɓata. Baturen ya ji daɗin samun mai tambaya, ya ɗaga kwalba ya nuna masa.

Gizo-gizo ne, amma ba irin na kusurwar ɗaki ba mai saƙa yana ya zauna jiran ƙuda. Wannan a ƙasa yake yawo, launin ƙasa gare shi, in ya ga abinci sai ya bi shi da gudu ya danne. Saboda haka masanan farko suka kamanta shi da kyarkeci, suka sa wa dangin duka Lycosidae, daga sunan kyarkeci a harshen Girka. Idonsa takwas ne a jeri uku, ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya, biyu a can sama. Macen tana jan jakar ƙwanta duk inda za ta, in sun ƙyanƙyashe kuma su hau gadon bayanta ta yi ta yawo da su.

Tsarin da ake bi wajen sa musu suna shi ya kama zuciyar Malam Ya'u. Mai-Kwalabe ya bayyana masa cewa kowace halitta a duniya tana da suna biyu cikin harshen Latin, na farko na gidan da ta fito, na biyu nata na kanta. Wanda ya fara siffanta halitta ya buga a littafi, sunan da ya sa shi ne suna a kowace ƙasa da kowane harshe. Halittar da aka duba aka yi siffar kuma ajiye ta ake yi a gidan tarihi, ta zama shaida ga duk wanda zai yi jayayya. Nau'i biyu da ido ba ya iya rabawa, da gaɓoɓinsu na haihuwa ake raba su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mutumin da ya tashi yana jin ana jera salsalar malamai, wane ya ɗauka daga wane, bai sha wahalar gane wannan ba. Daga ranar, duk lokacin da babu makaranta, yana bayan Baturen da kwalba a hannu.

Da ruwa ya ɗauke a shekara ta gaba, a bakin wani kududdufi da ke gindin ganuwa, jifa kaɗan daga gidan Baffa, ya kama wata mace mai jajayen ƙafafu da farin layi mai reshe biyu a baya. Mai-Kwalabe ya juya ta, ya sake juya ta, ya duba littattafansa bai same ta ba. Ya jefa ta a sifirit, ruwan da ke hana ruɓewa, aka sa a motar Jos, daga can sai Ingila, wurin wani masani a gidan tarihi. Bayan watanni amsa ta zo cewa ba a taɓa rubuta irinta ba, kuma bisa al'ada masanin yana so ya girmama wanda ya samo ta, ya sa mata sunansa.

Malam Ya'u ya ce a dakata. Ga abin da ya daɗe yana nema ya zo har hannunsa, kyautar da ba ta tsufa. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan da bakinsa bai taɓa furtawa ba tun da ya yi wayo, domin ɗa ba ya kiran sunan uba. Ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, ya miƙa wa Baturen.

Mutum ɗaya ya gaya wa, abokinsa Malam Zakka, malamin lissafi, Kirista daga ƙasar Bogoro. Malam Zakka ya ajiye goron da yake ɓarewa ya dube shi.

"Malam, a garinmu fa in ka ji an sa wa dabba sunan mutum, to an ƙi mutumin ne. Kakata sunan surukinta ta sa wa karenta, har ta mutu ba su gaisa ba."

Malam Ya'u ya yi dariya, ya ce wannan tunanin ƙauye ne, a Turai sarakuna da manyan malamai alfahari suke yi da irin wannan. Malam Zakka ya ce ya ji, amma a iya saninsa tsohon nan na Ƙofar Ran ba Bature ba ne, ko an tambaye shi? Malam Ya'u ya ce ba a yi wa kyauta shela.

Takardar da aka buga ta iso a 1956, 'yan shafuka kaɗan, da zane-zane, da sunan a sama: Lycosa abdulsalami. Malam Ya'u ya sa rigarsa ta salla, ya zaɓi bayan la'asar, lokacin da zaure ke cike da manyan ɗalibai, don a yi abin a gaban shaidu. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi bayani a tsanake kamar yana aji. Ya ce daga yau duk inda ake ilimi a duniya, daga gabas har yamma, za a riƙa ambaton sunan Baffa har ƙarshen zamani. Ya miƙa takardar da hannu biyu. Baffa bai karɓa ba, ya nuna Bakari da haɓa.

Bakari ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana cikin murya mai laushi.

"Ƙanina, ka bi mu a hankali, mu ba 'yan boko ba ne. Wannan mai ƙafa takwas ɗin, shi ne Baffa?"

Malam Ya'u ya ce a'a, Hamma, don haka yake kiran yayan nasa, sunan ne kawai aka sa masa don girmamawa. Bakari ya tambaya ko namiji ne, Malam Ya'u ya ce mace ce. Bakari ya ɗora yatsa a kan wani zane da ke gefe, mai kama da ƙofar rumbu, ya tambayi ko mene ne. Malam Ya'u bai taɓa ba ɗalibi amsar da ba daidai ba, bai kuma san yadda ake yi ba. Ya ce al'aurar macen ce aka ƙara wa girma, don da ita ake gane nau'in. Wani ɗalibi ya yi tari. Wani ya ja rawani ya rufe baki.

Bakari bai tsaya ba. Ya tambayi inda ita wannan baiwar Allah take yanzu, aka ce tana Ingila a cikin kwalba. A cikin me? A cikin sifirit, don kada ta ruɓe. Shi wannan sifirit, in an sha yana bugarwa? Malam Ya'u ya ce ba don sha aka yi shi ba. Bakari ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Malam Ya'u ya ce yana bugarwa. To yaya ake gane kwalbar Baffa a cikin sauran kwalabe? Malam Ya'u ya ce ana rubuta sunan a 'yar takarda a saka a ciki.

"A ciki," in ji Bakari. "A cikin giyar."

Wani dattijo cikin ɗalibai ya so ya kawo sassauci. Ya ce ai gizo-gizo halitta ce mai albarka, ita ta yi saƙa a bakin kogo ta rufa wa mafificin halitta asiri. Da Malam Ya'u ya yi shiru, da wataƙila an tashi a kan wannan. Sai ya ce gaskiya wannan dangin ba sa saƙa yana ko kaɗan, farauta suke yi. Bakari ya gyaɗa kai ya ce ashe ma ba ta cikin masu albarkar.

Sai a lokacin Baffa ya yi magana, bai ɗaga murya ba.

"Ya'u. Ran sunana mahaifina ya yanka rago, aka yi mini huɗuba a kunne. Rabin sunan nan ba nawa ba ne, na Ubangiji ne. Na riƙe shi har na tsufa ban kai shi inda ake zuba giya ba. Kai ka kai shi. Tashi. Kada ka sake taka zauren nan sai ka cire sunana daga jikin abin nan."

Da maganar ta tsaya a zaure, da ta mutu a zaure. Bakari ne ya ɗauke ta ya kai Kasuwar Wunti, rumfa rumfa, yana yi kamar mai neman a taya shi baƙin ciki. Bai damu da cewa sunan ubansa yake tallatawa ba, muddin ƙaninsa ne zai ɗauki laifin. Kafin wata ya ƙare, mata in suna shara suka ga gizo-gizo sai su ce a yi hankali kada a taka Malam. Samari na durƙusa wa na jikin bango su ce Allah gafarta Malam, a taimaka da fatawa. Baffa ya ji. Ya daina bin hanyar kasuwa zuwa masallacin Juma'a, ɗalibansa suka fara raguwa, kuma kowace dariya da ta kai kunnensa a kan Ya'u yake rubuta ta. Shi Ya'u kuwa aka laƙaba masa Malam Tautau, har a bakin 'yan ajinsa in ya juya baya.

A cikin wannan hali Hamsatu ta haifi ɗa namiji. Malam Ya'u ya aika da goron suna Ƙofar Ran, aka dawo da shi ko ganyen ba a kwance ba, tare da saƙo cewa in yana da niyyar sa wa yaron sunan Baffa, to ya fasa, sunan ya sha wahala haka nan. Ran suna babu ko mutum ɗaya daga dangin uba. Da liman ya tambayi sunan da za a raɗa, wani daga baya ya ce a jira amsa daga Ingila.

Tun washegarin korarsa Malam Ya'u ya je wurin Mai-Kwalabe ya roƙi a janye sunan. Baturen ya yi dariya har da share hawaye, sai da ya dubi fuskar mutumin sannan ya nutsu. Ya ce sunan da aka riga aka buga ba ya janyuwa. Wanda ya sa shi ba zai iya ba, gwamna ba zai iya ba, domin da ana janyewa da tsarin duka ya rushe. Ƙofa ɗaya ce kawai. Masanin ya yi siffar ne da mace kaɗai, ba a ga namijinta ba. A shekarun baya kuwa matafiya sun kwashi maza daga wasu ƙasashe an sa musu suna ba a ga matansu ba. Idan aka sami namijin wannan ta Ƙofar Ran, aka tarar ɗaya ne da wani da aka riga aka sa wa suna, to tsohon suna shi zai tsaya, sabon ya faɗi.

"Amma ka gane abin da kake nema?" in ji Baturen. "Kana so ka tabbatar wa duniya cewa ba ka gano komai ba."

Malam Ya'u ya ce ya gane.

Kama namiji a daji ba hujja ba ce, don maza iri-iri ne ke yawo a bakin kududdufi guda. Hujja ita ce a kama uwa da jakar ƙwanta, a reni 'ya'yan har su balaga. Mai-Kwalabe ya bar aiki ya koma ƙasarsu a 1957, ya bar masa madubi da kwalabe da adireshin masanin. Malam Ya'u ya mai da ɗakin baƙinsa gidan reno. Ya koyi cewa 'ya'yan da zarar sun sauka daga bayan uwa sai su fara cin juna, dole kowane da kwalbarsa. Yana tashi daga makaranta ya tafi tonon gara da kamun ƙananan fara, malami mai agogo, a tsugune a bayan gidajen mutane. Renon farko zafin bazara ya kashe su duka. Na biyu kwarkwasa ta shiga ɗakin da rana yana aji, ya dawo ya tarar da ƙafafu kawai.

Maƙwabta suka ce tsafi yake yi. Matan unguwa suka daina aron turmi a gidan, suka hana 'ya'yansu shiga. Hamsatu ta jure har ran da aka yi bikin 'yar Bakari, ta ji kiɗan daga nesa ba a gayyace ta ba. Ta same shi yana jefa gara a kwalba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, wanda bai sa maka albarka kana maraya a hannunsa ba, kwalba ba za ta sa shi ba. Kowa a garin nan ya san don ya tsare ɗansa ya ba da kai. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Bai juyo ba. Ya ce mata ta rufe ƙofar, iska na shigowa. Bai yi mata magana ba har aka yi sallar azumi.

A reno na uku ya sami maza, sirara, masu kumburarrun hannuwa biyu a gaba kamar ɗan dambe ya naɗe zare. Da hannunsa ya ciyar da su tun suna kamar ƙwayar gero, da hannunsa ya jefa su a sifirit. Ya tsaya har suka daina motsi, ya rufe, ya kai gidan waya.

Amsa ta zo a daminar 1960, lokacin da ake shafe gine-ginen hukuma da farar ƙasa, yara na koyon maci da 'yan tutoci masu kore da fari. Masanin ya ce mazan sun yi daidai da wani da wani Bajamushe ya siffanta daga ƙasar Kamaru tun kafin yaƙin duniya na farko. Tsohon suna ya tsaya, sabon ya faɗi. Ya ba da haƙuri ƙwarai, ya ce ya san wannan labari zai yi wa Malam Ya'u ciwo. Malam Ya'u ya shiga ɗaki ya yi sujadar godiya. Malam Zakka ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda gonarsa ta ƙone yana rabon goro ba sai yau.

Abu ɗaya ya rage, kuma Malam Ya'u ya san shi sarai. Sunan da ya faɗi ba a goge shi. Ana rubuta shi ne a ƙarƙashin tsohon da ƙananan baƙaƙe, don masu zuwa su san an taɓa kuskure. Kwalbar ma tana nan da takardarta a ciki, domin shaida ce, ba a taɓa ta. Ya yi ta juya wannan a ransa duk kwanakin bikin mulkin kai, yana tafe gaban 'yan makarantarsa a fili ana ta murna. Da aka watse ya ji labari Baffa na kwance ba lafiya, ya yanke shawarar zai faɗi rabin gaskiya ya yi shiru.

Ya tafi da hantsi. Bakari na ƙofar gida, ya tsufa shi ma, ya yi ƙiba. Malam Ya'u ya yi zaton za a hana shi shiga, sai Bakari ya yi murmushi ya ce maraba da Malam Tautau, ai yau a shiga, shi ma yana so ya ji. An shimfiɗa wa Baffa a zaure don ya sha iska. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, amma idon yana nan yadda yake. Malam Ya'u ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe shi da jiki, ya ce ya cika sharaɗi, halittar ta koma wani suna daban.

"An cire?" in ji Baffa.

"An cire, Baffa."

"Daga kwalbar ma?"

Malam Ya'u ya dubi tabarma. "Daga kwalbar ma."

Wannan ce ƙaryar farko da ya taɓa yi a zauren, kuma a gaban wanda ya rene shi ya yi ta. Baffa ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye shi ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Baffa ya ce wa Bakari ya ɗauko Alƙur'ani. Bakari ya ɗauko da sauri, ya zare shi daga gafaka, ya ajiye a gaban ƙaninsa.

"Dafa," in ji Baffa. "Ka dafa, in yafe maka yanzu."

Malam Ya'u ya miƙa hannu. Tsakaninsa da abin da ya nema tun yana yaro bai fi tsawon yatsa ba. Amma a wannan zauren aka koya masa makomar mai rantsuwar ƙarya, wannan bakin ne kuma ya koya masa. Hannun ya tsaya, sannan ya koma cinyarsa. Ya faɗi komai, da ƙananan baƙaƙen, da kwalbar, da takardar da ke cikinta, da cewa haka za su zauna muddin akwai gidan tarihin.

Bakari ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce wato da Baffa ne a sama, yanzu masana sun zauna sun duba sun ga ƙwaron ya fi ƙarfin sunan, an sauke shi ƙasa, an ɗora na wani. Ya ce wannan labari Wunti ba ta ji shi ba tukuna.

Baffa bai dubi ɗansa ba. Ya ce, "Da ka bar ni inda ka sa ni. Da cewa ake yi an sa sunana a ƙwaro. Yanzu za a ce an gwada bai dace ba. Ka zo mini da wulaƙanci ina zaune, ka zo mini da ƙarya ina kwance. Fita."

Malam Ya'u ya kifa goshi a tabarma ya ce, "Baffa, ka yafe mini."

Baffa ya juya fuska ga bango, ya jawo carbinsa. Malam Ya'u ya zauna a haka har aka kira azahar. Bakari ya taɓa shi da ƙafa ya ce za a share zaure.

Baffa ya rasu kafin a gama girbin dawa. Ba a aika wa Ɗan Iya ba, a bakin wani mai gyaran takalmi Malam Ya'u ya ji, ya iso ana shirin ɗaukar gawa. Ya kutsa zai kama makara, Bakari ya riƙe masa hannu, ya ɗaga murya yadda sahun baya za su ji, ya ce marigayi ya bar wasiyya cewa wannan hannun kada ya taɓa makararsa, kada kuma ya zuba masa ƙasa. Ko Baffa ya faɗi haka ko bai faɗa ba, babu wanda ya tambaya. Mutane suka buɗe hanya, Malam Ya'u ya koma baya. Ya bi su har maƙabarta, ya tsaya inda ake ajiye takalma.

A zaman makoki dangi na cikin zaure ana yi musu gaisuwa, baƙi na waje a kan tabarmi. Malam Ya'u ya zauna a ƙarshen ta waje. Masu gaisuwa na wuce shi su shiga, su fito su sake wuce shi, waɗanda suka san shi suna duban wani wuri. Kusa da shi akwai wani tsoho baƙauye daga wajen Zungur, wanda marigayin ya taɓa raba wa gardamar gado, ya ji rasuwa ya taho a ƙafa. Tsohon ya yi ta yabon Malam Abdulsalam, ya ce mutum ne da ba ya zaluntar kowa. Sannan ya juyo ya tambaya, "Kai fa, malam, me kake da marigayin?"

Malam Ya'u ya dubi ƙofar zauren. Ya ce, "Ba komai. Wucewa nake yi na ga taro."

Tsohon ya ce Allah ya ba da ladan tsayawa, ya gyara zama ya matsa masa wuri a inuwa.